Ɓarakar Tana Mahaɗa: Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Injiniyanci Zayyana Tsakanin Fannoni

A ranar 23 ga Satumba, 1999, wani kumbo da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba zuwa duniyar Mars ya kewaya ta bayan duniyar, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Sunansa Mars Climate Orbiter, kuma ya shafe sama da wata tara a hanya. Da aka bi diddigi, injinsa lafiya lau yake, ba wata waya da ta ƙone. Manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta tana fitar da ƙarfin tunkuɗar ƙananan injinan kumbon ne da ma'aunin fam, wanda Amurkawa suka saba da shi, su kuwa masu lissafin hanyar kumbon a JPL, cibiyar NASA mai kula da tafiyar kumbon, suna karanta lambobin a matsayin niyuton. Fam ɗaya na ƙarfi ya kai kusan niyuton 4.45. Kuskuren ya yi ta taruwa a hankali, har kumbon ya gangaro kusan kilomita 57 daga doron Mars, ƙasa da inda zai iya tsira.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan labari shi ne kowane ɓangare ya iya lissafi. Da za a ba su jarrabawa, duk za su ci. A wurin miƙa lamba daga wannan hannu zuwa wancan ne aka yi asara. Kuma a jami'o'i da yawa, ɗalibin injiniyanci zai yi shekara huɗu ko biyar, ya karɓi digirinsa, ba a taɓa sa shi ya karɓi lamba daga hannun ɗalibin wani sashe ba, balle ya tsaya ya tambaye shi da wane ma'auni ya auna.

Kafin a yi nisa, sai a fayyace kalmar zayyana, domin mutane da yawa suna ɗaukarta zane ne a takarda ko a kwamfuta. Zane ɗan guntu ne a cikinta. Zayyana a wurin injiniya ita ce yanke shawarar yadda za a ƙera abin da babu shi tukuna, alhali kuɗi a ƙayyade suke, lokaci a ƙayyade, nauyi da girma ma haka, kuma buƙatun da aka kawo suna cin karo da juna. Tambayar jarrabawa tana zuwa da duk bayanan da ake buƙata, amsarta ɗaya ce, tana bayan littafi. Tambayar zayyana tana zuwa da rabin bayanai, wani lokaci wanda ya kawo aikin bai ma san takamaiman abin da yake so ba, amsoshin da za su yi aiki suna da yawa, kowace da abin da za a sadaukar idan an zaɓe ta. Idan aka ce zayyana tsakanin fannoni kuwa, ana nufin aikin da mai ilimin kanikanci shi kaɗai ba zai gama ba, mai lantarki shi kaɗai ba zai gama ba, kuma shawarar da ɗaya ya yanke tana sauya lissafin ɗayan. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan maganar. Kusan duk abin da muke amfani da shi yau haka yake: mota, na'urar asibiti, injin ban ruwa, lif ɗin bene. Tun 1969 wani injiniyan kamfanin Yaskawa na Japan ya ƙirƙiro kalmar mekatironik don ya bayyana injinan da kanikanci da lantarki suka cakuɗe a cikinsu har ba a iya raba su.

To me ya sa karatun bai tafi tare da aikin ba? Akwai tarihi a ciki. Kafin yaƙin duniya na biyu, karatun injiniya a Amurka ya fi karkata ga aikin hannu, ɗakin zane da ɗakin ƙira. A lokacin yaƙin sai aka lura cewa manyan ayyuka irin su rada da makamin nukiliya masana kimiyyar fiziks ne suka ja ragamarsu, injiniyoyi da dama lissafinsu bai kai ba. A 1955 ƙungiyar malaman injiniyanci ta Amurka ta fitar da rahoton da aka fi sani da sunan shugaban kwamitinsa, Linton Grinter, wanda ya nemi a ƙarfafa lissafi da kimiyya a tsarin karatu. An yi hakan, kuma ya yi amfani ƙwarai. Sai dai a hankali darussan zayyana da na ƙira suka yi ta raguwa, kowane sashe ya nutse cikin nasa ilimin, ci gaban malami ya koma kan takardun bincike a cikin fanninsa. Bayan shekaru, masana'antu suka fara ƙorafin cewa masu digirin da ake turo musu sun iya warware lissafi amma ba su iya aiki da mutane ba, ba su san yadda ake haɗa inji sukutum ba.

A ƙarshen shekarun 1990 hukumar ABET, mai tantance kwasa-kwasan injiniyanci a Amurka, ta sauya ma'auninta. Maimakon ƙirga sa'o'in da aka koyar da kowane darasi, sai ta jera abubuwa 11 da ake so ɗalibi ya iya idan ya gama, ɗaya daga ciki shi ne iya aiki a cikin ƙungiyar da ta haɗa fannoni daban-daban. Da yake yarjejeniyar Washington ta 1989 ta sa ƙasashe suna amincewa da digirin juna bisa ma'aunai masu kama da juna, wannan tunani ya bazu nesa da Amurka. A shekarar 2000 kuma jami'ar MIT ta Amurka da jami'o'i uku na Suwidin, wato KTH da Chalmers da Linköping, suka fara tsarin da ake kira CDIO, wanda ya ce a gina karatun a kan matakai huɗun da kowane abin ƙira ke bi: a yi tunaninsa, a zayyana shi, a ƙera shi, a yi aiki da shi.

Rubuta wannan a takardar manufa abu ne mai sauƙi. Don a ga abin da yake nufi a aji, bari mu zauna kusa da ɗalibai huɗu da aka ba aiki ɗaya: ɗan ƙaramin firij mai aiki da hasken rana, don adana allurar riga-kafi a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Yawancin irin waɗannan allurai ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyos, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana gwada firij ɗin da za a kai yankuna masu zafi a digiri 43. A cikin ɗaliban akwai mai karanta kanikanci, akwai mai lantarki, akwai mai rubuta manhaja, akwai kuma ɗalibar kiwon lafiya.

A makon farko, abin da kusan kowace ƙungiya ke yi shi ne rabon gado: kai ka ɗauki akwati, ke ki ɗauki batir da faifan sola, kai ka ɗauki na'urar auna sanyi, mu haɗu bayan wata biyu. Mai kanikanci ya tafi ya zaɓi soson hana zafi ratsawa, irin na foliyuretan, mai kaurin santimita 5, domin akwatin ya yi sauƙin ɗauka. Lissafinsa daidai ne. Idan faɗin bangon akwatin gaba ɗaya murabba'in mita ɗaya ne, waje digiri 43, ciki digiri 5, zafin da zai riƙa kutsowa kusan wat 19 ne, dare da rana. A yini guda ya kai wat-awa 456. A wurinsa aiki ya ƙare.

A wurin mai lantarki kuwa yanzu aka fara. Idan kwamfuresar, wato injin da ke samar da sanyi a firij, tana kwashe zafi ninki ɗaya da rabi na wutar da take sha, ana buƙatar kusan wat-awa 300 na lantarki kullum. A batir mai bolt 12, wannan kusan amfiya-awa 25 ke nan, ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa. A ce ana so firij ɗin ya jure kwana uku na hadari ba rana, ya zama 75. Batirin dalma kuma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa idan ana so ya daɗe, don haka sai an nemi mai 150, wanda nauyinsa ya haura kilo 40. Ga shi mai kanikanci ya rage kaurin soso don akwati ya yi sauƙi, amma shawararsa ta haifi batirin da mutum ɗaya ba zai ɗauka ba. Da ya ninka kaurin zuwa santimita 10, da zafin da ke shiga ya ragu kusan da rabi, batirin ma haka. Shi bai sani ba, domin batir ba ya cikin darasinsa. Ita ma ba ta san ana iya taɓa kaurin soso ba, ta ɗauka lambar da aka ba ta ta zauna ke nan.

Ranar da suka zauna gaban allo ɗaya, ta rubuta 150 ta zagaye shi, ya dubi lambar ya ce, "Wannan duk saboda sosona ne?" Ta ce, "To da saboda me?" Wannan minti biyar ɗin, a ganina, ya fi lacca goma a kan muhimmancin haɗin kai.

Daga nan ne abin ke daɗi. Da zarar sun fara kallon matsalar a matsayin ta kowa, sai wani ya tambaya: dole ne sai a batir za a adana ƙarfin rana? Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye kusan wat-awa 93 na zafi kafin ya narke. Wato kusan kilo 5 na ƙanƙara zai tare zafin yini guda, kilo 15 na kwana uku, ko da siririn soson nan ne. Kwamfuresa ta yi aiki da rana kai tsaye daga faifan sola, ta daskarar da ruwa, da dare ƙanƙarar ta riƙe sanyi. Batir, wanda shi ne ya fi saurin mutuwa a irin waɗannan na'urori, ya fita daga lissafi. Ba ƙirƙirar ɗalibai ba ce, akwai firij na riga-kafi da ake ƙerawa a kan wannan dabara kuma ana amfani da su. Amma a lura da yadda aka iso wurin: matsalar da ta bayyana a fannin lantarki, maganinta yana fannin zafi da sanyi. Wanda ya tsaya a cikin sashensa ba zai gan shi ba.

Sai ɗalibar kiwon lafiya ta ɗaga hannu. Wasu allurai, kamar ta ciwon hanta nau'in B, idan suka daskare sun lalace, kuma ba lallai a gane da ido ba bayan sun narke. Ƙanƙarar da ta warware matsalar batir ta kawo sabon haɗari: kwalbar da ta jingina da bango mai sanyi tana iya daskarewa. Yanzu mai manhaja, wanda ya ɗauka aikinsa shi ne a kunna kwamfuresa idan zafi ya haura, a kashe idan ya sauka, dole ya tambayi mai kanikanci a ina za a manna na'urar auna sanyin, domin sama da ƙasan akwati ba ɗaya ba ne. Ta kuma gaya musu abin da babu a littafinsu: ranar da ake yi wa yara allura, ma'aikaciyar jinya za ta buɗe murfin sau da yawa, kuma ba za ta tsaya karanta dogon bayani a kan allon na'ura ba, fitila kore ko ja take so ta gani.

Wannan shi ne abin da ake son koyarwa, kuma idan aka duba da kyau, ba zaman lafiya da juna ba ne kawai, ko da yake shi ma yana da muhimmanci. Ƙwarewa ce da ake iya koyarwa dalla-dalla. Ɗalibi ya koyi rubuta takardar mahaɗa: me zan ba ka, me za ka ba ni, da wane ma'auni, iyakarsa daga ina zuwa ina, wa ke da ikon sauya shi. Ya koyi kasafin da ba na kuɗi ba, kasafin nauyi, na wuta, na wuri, inda giram ɗin da wani ya ƙara daga rabon wani aka cire shi. Shi ya sa ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam ɗin nan da ake kira CubeSat ya zama abin koyarwa mai kyau. Jordi Puig-Suari na jami'ar Cal Poly da Bob Twiggs na Stanford ne suka fito da shi a 1999: akwati mai santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsa kilo ɗaya da ɗan wani abu. A cikin wannan ɗan wuri dole batir da rediyo da kwamfuta da kyamara su zauna, babu inda wani zai faɗaɗa ba tare da ya taka ƙafar wani ba.

Akwai kuma batun harshe. Kalmar lodi a bakin injiniyan gine-gine nauyin da ke kan ginshiƙi ne, a bakin mai lantarki wutar da na'ura ke ja ce, a bakin mai kwamfuta yawan aikin da aka ɗora wa na'ura ne. Za a iya yin taron rabin sa'a kowa yana gyaɗa kai, alhali abu uku daban ake nufi. Wanda ya fi wannan zurfi shi ne bambancin agogo. Mai manhaja zai gwada abu, ya ga bai yi ba, ya gyara, duk cikin minti goma, don haka ya saba da fara aiki kafin ya gama tunani. Mai lantarki idan ya aika a buga masa allon da'ira sai ya jira kwanaki ko makonni. Mai gine-gine idan ya zuba kankare, sai bayan kwana 28 ake gwada cikakken ƙarfinsa, kuma ba a warware shi a sake. Idan mai manhaja ya ce "mu ɗan sauya wurin wannan maɓalli", a wurinsa ƙaramin abu ne, a wurin wanda ya riga ya yanka ƙarfe ya huda shi aikin mako biyu ne ya zube. Yawancin faɗan da ake yi a ƙungiyoyin ɗalibai daga nan yake, ba daga mugun hali ba, kuma malamin da ya gane haka zai bayyana musu tun farko.

Kada a ɗauka wannan maganar jin daɗin aiki ce kawai. Na'urar Therac-25, wadda wani kamfanin Kanada ya ƙera don ƙona ciwon daji da haske mai ƙarfi, ta yi wa aƙalla marasa lafiya shida mummunar illa tsakanin 1985 da 1987 a Amurka da Kanada, wasu sun mutu. Samfurin da ya gabace ta yana da makullan kariya a jikin injin, waɗanda ke hana shi sakin haske fiye da kima ko da manhaja ta yi kuskure. A sabuwar an cire su, an dogara da manhaja, ita kuwa manhajar tana ɗauke da kurakuran da makullan nan suka daɗe suna rufa wa asiri. Masu inji sun jingina da masu manhaja, manhajar kuma an gina ta a zamanin da inji ke tare mata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To in haka ne, me ya hana kowace jami'a yi? A nan nake ganin ya kamata malamai su fara duban kansu kafin su dubi ɗalibai. A 1968 wani masanin kwamfuta, Melvin Conway, ya lura cewa duk abin da wata ƙungiya ta zayyana yana fitowa ne da siffar yadda mutanenta ke magana da juna. Jami'ar da sashen lantarki da na kanikanci ba sa zama teburi ɗaya za ta fitar da tsarin karatu mai irin wannan katanga. Kuma cikas ɗin ƙanana ne, masu ban haushi. Jadawalin darussa: ranar da 'yan kanikanci ba su da aji da rana, 'yan lantarki suna ɗakin gwaje-gwaje. Wane sashe ne zai mallaki kwas ɗin, wa zai biya kuɗin kayan aiki, a ɗakin wa za a ajiye na'urar? Malamin da ya kwashe sa'o'i yana duba ɗaliban wani sashe, wa zai ƙirga masa wannan a aikinsa? Wani sashe aikin shekarar ƙarshe zango ɗaya ne a wurinsa, wani zango biyu. Irin waɗannan sun fi ƙarancin kuɗi kashe kwasa-kwasan haɗin gwiwa.

Idan ba a warware su ba, sai a samu abin da ya yi kama da haɗin fannoni amma ba shi ba ne. A tara ɗalibai daga sassa uku, a ba su take ɗaya, kowa ya rubuta babinsa, a ɗinke a mako na ƙarshe, kowane malami ya duba babin ɗalibinsa ya ba da maki. Ba wanda ya duba ko wutar da babi na uku ya ce zai bayar ta ishi injin da babi na biyu ya zaɓa. Ɗalibai suna da wayo: inda maki yake, nan suke zuba ƙarfinsu. Idan babu maki a mahaɗa, ba za su waiwaye ta ba.

Don haka batun maki ne zuciyar gyaran. Idan aka ce sai na'ura ta yi aiki ranar baje koli za a ci, ƙungiya za ta miƙa komai ga wanda ya fi iyawa, sauran su koma 'yan kallo, kuma za su guji duk wata dabara mai haɗari. Idan aka ba kowa maki ɗaya, mai aiki da mai fakewa sun zama ɗaya. Abin da ya fi dacewa, a nawa ganin, shi ne a raba: wani kaso na ƙungiya, wani na mutum, ana duba littafin da kowa ke rubuta aikinsa na yau da kullum, 'yan ƙungiya su auna gudummawar juna fiye da sau ɗaya a zango, tun ana iya gyara. Sannan a tilasta haɗa na'urar tun da wuri, ko da kwali da tef ne, a mako na huɗu ko na biyar, ba a bari sai daren ƙarshe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai masu suka, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna cewa taura biyu ba ta taunuwa: lokacin digiri ƙayyadadde ne, duk sa'ar da aka ba aikin ƙungiya an cire ta ne daga lissafi ko ilimin ƙarfin kayan gini, kuma injiniyan da ya san kaɗan daga komai gadar da ya zayyana ba abin hawa ba ce. Gaskiya ne. A misalin firij ɗin nan, da mai kanikanci bai iya lissafin ratsawar zafi ba, da babu lambar da zai kawo teburi, da tattaunawar ta zama hira. Ba a neman mai lantarki ya zama mai kanikanci. Ana neman ya yi zurfi a nasa, ya kuma san isasshen na maƙwabcinsa da zai gane lokacin da shawararsa ta shiga gonar wani, ya san tambayar da zai yi. Wannan ne ma ya sa nake shakkar tara 'yan shekarar farko a kira abin haɗin fannoni, domin a lokacin ba wanda ke da fanni tukuna. Aikin shekarar farko yana da amfaninsa, yana sa ɗalibi ya so karatun, ya saba da kayan aiki. Amma haɗuwar gaske sai daga shekara ta biyu ko ta uku, da ƙananan ayyuka na mako ɗaya ko biyu, ta yadda babban aikin shekarar ƙarshe ba zai zama karon farko ba.

An gwada hanyoyi da dama. Kwalejin Harvey Mudd a Kalifoniya tun 1963 take ba ƙananan ƙungiyoyin ɗalibai matsala ta gaske daga kamfani su yi aiki a kanta, ta kira tsarin kilinik, kamar yadda ɗalibin likita ke koyo a gaban marar lafiya. Jami'ar Aalborg a Danmak, wadda aka kafa a 1974, kusan rabin kowane zango aikin ƙungiya ne a kan wata matsala, ko da yake yawancin ƙungiyoyin 'yan kwas ɗaya ne, wanda ke nuna cewa koyo ta hanyar aiki daban, haɗa fannoni daban. Jami'ar Purdue ta fara shirin EPICS a 1995, inda ɗalibai daga aji daban-daban da fannoni daban-daban ke yi wa ƙungiyoyin al'umma aiki na tsawon shekaru, wasu su gama su tafi, ƙananan su gaji aikin, wanda ke tilasta rubuta bayani mai kyau don na baya. Gasar ƙera motar tsere ta ɗalibai, Formula SAE, tana gudana tun 1981, kuma ɗalibai da yawa a can suka fara sanin cewa injin da birki da wayoyi a mota ɗaya za su zauna. Matsalarta ita ce a wurare da dama a wajen tsarin karatu take, masu sha'awa da sarari kaɗai ke samu.

Wadda aka fi ambata ita ce kwalejin Olin a jihar Massachusetts, da ta karɓi ɗalibanta na farko a 2002, ba ta da sassa kwata-kwata. Tana burge ni, amma ba na ganin ita ce abin koyi ga yawancin jami'o'i: sabuwa ce da aka gina daga tushe da dukiya mai yawa, ɗalibanta 'yan ɗari kaɗan ne. Misalin UCL da ke Landan ya fi kusa da halin da galibi ake ciki. Tsohuwar jami'a ce mai sassa masu ƙarfi da ɗalibai masu yawa, a 2014 ta fara wani tsari da ya bar kowane sashe da digirinsa, amma ya keɓe makonni na musamman da ake ajiye lacca a yi aiki, har da mako biyu a ƙarshen shekara ta biyu inda ake cakuɗa ɗaliban sassa daban-daban a kan matsala ɗaya. Wato jadawali suka taɓa.

Wani abu da ya dame ni: lokacin da ABET ta sake fasalin ma'auninta daga shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020, ta mayar da abubuwa 11 ɗin nan zuwa 7, kalmar da ke nuna haɗin fannoni ta fita daga sharaɗin aikin ƙungiya. Yanzu ana maganar ƙungiya mai shugabanci, mai tsara aiki da cimma buri, ba a ce dole ta haɗa fannoni ba. Wato sashe zai iya cika sharaɗin da ɗalibansa kaɗai. Duk jami'ar da ta ci gaba da haɗa su, don ta ga amfanin ne, ba don mai tantancewa zai tambaya ba.

Kuma ba sai an jira sabon gini ko ɗakin ƙira mai tsada ba. Malamai biyu daga sassa biyu, rana ɗaya a mako da jadawali ya bari a sarari ga duka ajin biyu, da aikin da aka zaɓa da gangan don shawarar wannan ta taɓa wancan, sun isa a fara. Ranar kare aiki kuma su biyun su zauna tare, su juya tambayoyin. A tambayi mai lantarki me ya sa soson ya zama santimita 10, me zai faru da faifan solarta in an mayar da shi 5. A tambayi mai kanikanci me ya sa fitila ke dusashewa lokacin da kwamfuresa ta tashi. A tambayi mai manhaja wace allura ce ke lalacewa in ta daskare, kuma a wane lungu na akwatin ya manna na'urar auna sanyinsa.